Irin Dankalin da Muka Rufe

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Watan takwas ya fita, na tara ya shigo, har yanzu in ka shanya riga da safe haka za ka kwashe ta da yamma, da sanyinta da warin danshi. A kasuwar kayan gwari inda nake ɗinkin buhu, sabon dankalin Turawa ya fara sauka da jar ƙasa a jikinsa, fatarsa tana saluɓewa in ka murza da babban yatsa. Jiya wani ɗan kasuwa ya sa yaransa suka lulluɓe buhunansa da tamfol suka ɗaure tam saboda yayyafi. Motarsa na gab da tashi, don haka ban ce komai ba. Amma na daɗe da basilla a hannu ina kallon tamfol ɗin.

Malaminmu na ajin yamma, inda mu manya muke koyon karatu da rubutu, ya ce kowa ya rubuta wani lokaci da ya ratsa a rayuwarsa. Wani ya ɗauki aikin hajjinsa, wani shekarar da ya fara tuƙi. Ni wata damina ce ta zo mini, kuma ta ƙi tafiya.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Lokacin ni manomi ne. Gidanmu yana Anguwan Rogo a cikin Jos, gonar kuwa tana can bayan Bukuru, a gefen wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ƙasar ba tawa ba ce, ta Pam ce, wani Berom sa'ana da muka san juna tun muna samari a wajen wankin kuza. Shi ke da ƙasa, ni ke da injin ban ruwa, hannu kuwa na kowa ne. Da damina mu shuka dankali a tudu. In ruwa ya ɗauke mu sauko bakin ramin mu sake shukawa, da kabeji da karas a gefe, in riƙa kwana a bukkar lambu ina zuwa gida ranar Juma'a.

Abin da aka haƙe rabawa muke yi, amma iri ba a raba shi. Akan ware matsakaita, masu girman ƙwan kaza, marasa rauni, a miƙa wa matarsa Ngo Kaneng. Ita ke ajiyewa a wata bukkar ciyawa a bayan gidansu har lokacin shukar rani. Ban taɓa shiga bukkar ba. Ni dai na san in lokaci ya yi za a fito da iri da 'yan tsiro a jikinsa kamar haƙoran jariri, mu kai bakin ruwa.

Wannan shekarar, muna gab da gama haƙa aka yi ruwa da iska da ƙanƙara. Ƙanƙarar ta kwanta fara fat a kan kunya, yatsunmu suka ƙage har muka kasa riƙe fartanya. Da muka isa gidan Pam, rufin bukkar yana kan shingen ƙayar kerana na maƙwabcinsa. Da yake akori-kurar da za ta kai kayanmu kasuwa ta kusa da unguwarmu take bi, Pam ya ce a sauke irin a gidana kafin ya samu ciyawa ya gyara rufi. Buhu biyar ne. Ngo Kaneng ta biyo mu har bakin mota tana cewa a kiyaye ruwa, a kiyaye ɓera. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sauran, ina jin ta ɗauka kowa ya sani.

Muka jingina buhunan a ɗakin shirgi. Kwana kaɗan bayan haka gari ya rikice.

Wannan ba zan rubuta shi ba. Waɗanda suka gani sun sani, ni kuma hannuna bai kai can ba tukuna. An yi hayaƙi, an yi gudu, sojoji suka zo, aka hana fita. Hanyar Bukuru ta zama hanyar da ba a bi. Yanzu kowa da waya a aljihu, ko mai tura baro zai kira ƙauyensu ya ji lafiya. Lokacin babu. Wanda ba ya gabanka, ba ka san yana duniya ko ba ya nan ba.

Gidanmu ya cika. 'Yar'uwar matata ta zo da 'ya'yanta daga wata unguwa, ba takalmi. Wani tsohon maƙwabcinmu ya kawo iyalinsa ya koma neman ɗansa. Wata mata da ba wanda ya san ta ta shigo da yara biyu da tukunya ɗaya ta zauna a zaure. Ba a tambaye ta daga ina ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da na fi tunawa shi ne ban ji komai ba. A leƙo a ce wane ya rasu, in ce Allah ya jiƙansa, in ci gaba da kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ina cin abinci in an miƙo mini, ina salla in lokaci ya yi. Ruwa kuwa bai fasa ba. Da safe hazo ya rufe duwatsu, da rana yayyafi mai shiga ƙashi, da yamma a kece. Bango ya riƙa gumi, tabarmi suka yi funfuna.

Wata safiya muka tarar kwanon ɗakin shirgi yana yoyo, buhun da ke ƙarƙashin yoyon ya jiƙe a gefe ɗaya. Inna ce ta gani, mahaifiyata. Ita 'yar ƙasar gero ce, daga wajen Gumel aka kawo ta Jos tana amarya, zamanin da babana yake aikin kuza. Dankalin Turawa bai taɓa burge ta ba, amma ta san ajiya. A garinsu in an zuba hatsi a rumbu sai a liƙe bakinsa da laka, ya shekara biyu ba abin da ya same shi. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan," in ji ta, "abin da aka bari a buɗe rabon ruwa ne da ɓera da ido."

Ta faɗi na ƙarshen tana duban zaure. Na gane. Gida cike da yara, masara ta kusa ƙarewa, ga buhu biyar a jingine.

Muka yi aikin mu uku, ni da ita da matata Asabe, lokacin da baƙi suke can wajen murhu. Muka shimfiɗa leda a ƙasa, muka ɗora buhunan kan juna, muka naɗe su da wata babbar leda, muka kawo tsohon tamfol muka rufa, na ɗaure da igiya sama da ƙasa. Inna ta bi da hannu tana neman inda iska za ta shiga, duk inda ta samu ta cusa tsumma. Tagar ɗakin dama mun toshe ta da kwali saboda hayaƙi. Na ja ƙofa na sa kwaɗo, Inna ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Na ji ɗan sauƙi a ranar. A duk kwanakin nan shi ne aiki ɗaya da na fara na ga ƙarshensa.

Kwanaki suka riƙa tafiya iri ɗaya. Da asuba Asabe ta dama kunu, kullum yana ƙara ruwa, har ya kai in ka leƙa kofi kana ganin gindinsa. Injin niƙa a rufe yake, sai mata su kama turmi su biyu biyu, a daka masara a tankaɗe, a tuƙa tuwo sau ɗaya wajen La'asar. Miya kuka ce, ba daddawa, daga baya ba mai. Gawayi ya ƙare, muka fasa wani tsohon benci, bayansa wata kujera. Ɗan dankalin ci da na rage daga rabona muka gasa wa yara, shi ma ya ƙare. In an sassauta dokar na ɗan lokaci sai maza mu fita mu zaga, mu dawo da ƙullin gishiri ko kabewa rabi, wani lokaci da labari kawai. Ruwan sha ne kaɗai ba mu nema ba. Yara suka kama tari. Tafin ƙafarsu ya yi fari saboda jiƙa.

A cikin wannan duka akwai mutum ɗaya da ke da aikin yi, 'yata ta fari, Zulai. Ta gama sakandare, tana ajin share fagen shiga jami'a, tana son ta karanci aikin asibiti. A wannan watan ya kamata su yi jarrabawa, aka rufe makaranta. Da yake ba wuta, bayan Azahar takan zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna inda haske ya fi, da littafinta na ilimin halittu a cinya, tana maimaita abu ɗaya da Turanci a hankali kamar mai tilawa.

Ran nan Inna ta gaji. "'Yar boko, in addu'a ce ɗaga murya mu ce amin. In zagi ne fassara."

Zulai ta yi dariya, ta farko da na ji a gidan tun da abin ya fara. Ta tsinci tsakuwa shida a bakin makwarara ta jera a kan tabarma. Ta ce duk abin da mutum ya ci, tuwo ne ko dankali, jiki yana mai da shi sukari, kuma kowane ɗigon sukari kamar tsakuwa shida ne a ɗaure. Ta ce jikin mutum 'yan ƙananan gidaje ne da ido ba ya gani, kowanne da tsakar gidansa da madafarsa. A tsakar gidan ake fasa shidan nan biyu, uku nan, uku can. Wannan a makaranta sun wuce shi tun zangon baya. Inda take yanzu shi ne shigar ukun nan madafa. Madafar tana da dogon suna, maitokondiriya, haka kunnena ya riƙe. Matakin kuwa ta ce haɗi ake ce masa, don shi ke haɗa aikin tsakar gida da na cikin madafa.

Ta tura uku gaba. Ta ce da shigarsu ake cire ɗaya. Ta ɗauki tsakuwa guda ta jefa cikin ruwan makwarara, ta ce ta tafi ke nan, ita ce iskar da muke fitarwa ta hanci. Saura biyu. Biyun nan ba sa tafiya da kansu, sai wani ɗan dako ya zo ya goya su ya kai su gaba inda ake ƙarasa su. Akwai kuma ɗan dako na biyu. Shi abin da aka tatsa daga jikinsu yake karɓa, ya kai can ƙarshen layi, inda iskar da muka shaƙa take jira ta sauke masa, sannan ya dawo ya ɗauki wani. Yadda aka yi wa ukun nan haka za a yi wa ɗaya ukun.

Inna ta tambaya me mutum ya samu a duk wannan kai da kawo.

"A nan babu," in ji Zulai. "Ƙarfin sai an je gaba. Nan wucewa ce kawai. Amma wadda aka cire ba ta komawa."

Inna ta ce wahalar banza ke nan, kuma tun da take ba ta taɓa ganin madafar da ake shiga a fito ba tuwo ba sai ta gidan nan. Mata suka yi 'yar dariya. Sai ta tambaya, to in mutum ya toshe hanci fa? Zulai ta ce sai 'yan dako na biyu su rasa mai sauke musu, su tsaya cirko-cirko da kaya a ka, ba mai dawowa. Ƙofar madafa ta cushe. Ukun nan su zauna a tsakar gida su yi tsami. Ta ce a jikin mutum shi ne zafin da ƙafa take yi in an yi gudu, a tsiro kuwa da yis na burodi yakan koma wani abu kamar giya. Inna ta yi a'uziyya, ta ce a rufe littafin haka nan kafin a ce mata ita ma da tukunyar burukutu take yawo a ciki.

Ina zaune a kan kifaffen turmi a ƙarƙashin rumfa. Na ji duka. Ban haɗa shi da komai ba.

Asabe ce ta fara jin warin, bayan wasu kwanaki. Ta ɗauka fitsarin yara ne, ta wanke gefen bangon da toka. Washegari ya ƙaru, ya koma kamar ƙullun da ya kwana biyu. Matar zaure, wadda da wuya ka ji muryarta, ta ce a hankali irin wannan warin ta san shi a lungun masu dafa burukutu. Inna ta ce gidan nan tun da aka gina shi ba a taɓa faɗa masa haka ba.

Zulai ta ajiye littafi ta bi warin har ƙofar ɗakin shirgi. Ta nemi makulli. Inna ta ce ba abin da ke ciki sai tarkace. Na ce ta ba ta. Ta kwance bakin zani tana gunaguni.

Da ƙofar ta buɗe warin ya fito kamar an turo shi. Zulai ta durƙusa, ta zare wani tsumma, ta cusa hannu ƙarƙashin tamfol. Ta daɗe a haka.

"Baba, zo ka taɓa."

Na sa hannu. A cikin wannan sanyin da ya hana mu barci, buhun yana da ɗumi kamar cikin akuya. Ledar ta yi gumi ta ciki, ruwa na bin yatsuna.

"Numfashi yake yi," in ji ta. "Mun toshe masa."

Inna, daga bakin ƙofa, ta ce abin da aka tono daga ƙasa aka kakkaɓe ya riga ya mutu.

"In ya mutu, Inna, me zai tsiro?"

Inna ta ce ai gero ma yana tsirowa, kuma liƙe shi ake yi, tun kafin a haifi wanda ya rubuta littafin. Zulai ta ce gaskiya ne, amma gero busasshe ne, barci yake yi, numfashinsa kaɗan ne. Wannan cike yake da ruwa, idonsa biyu, kowane ɗaya yana ta wannan aikin na tsakuwa dare da rana. Iskar da ke cikin ledar ya shanye ta tuntuni.

Inna ta matso kusa da ni ta rage murya. "In ka buɗe, kai za ka tsaya ka ce wa yaran nan a'a."

Na tsaya da igiyar a gabana. A nan ne na fara tuna Pam sosai, karon farko tun da aka rufe hanya. Ban san ko yana raye ba. Ban san ko akwai sauran wanda zan mayar wa da wani abu ba. Na ga dai in na bari a rufe, babu abin da zan mayar. Na kwance ƙullin.

Tururi ya tashi. Buhunan ƙasa sun jiƙe sharkaf, in ka danna sai hannunka ya nutse. Muka jawo su ƙarƙashin rumfa muka zazzage. Ba wanda aka kira, amma kowa ya zo, yara a gaba. Wasu dankalin sun narke sun zama kamar kunu mai wari. Wasu a ido lafiya lau, da tauri, amma da na sa wuƙa na raba ɗaya, tsakiyarsa baƙa ce ƙirin kamar an ɗiga tawada. Na raba na biyu, haka. Na uku fari tas. Zulai ta ce tsakiyar ce ta fi nisa da iska, ita ke fara mutuwa, kuma ba yadda za a gane daga waje, sai dai a jira a ga wanda ya tsiro.

Muka yi kashi uku. Ruɓaɓɓe a daro, a kai bola. Mai rauni da mai laushi a gefe guda, wannan na tukunya ne. Mai tauri, mara wari, a can kusa da bango. Inna ta sa aka kawo mata kujerarta ta zauna kusa da kashi na ukun.

"Wannan iri ne," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba. "Kuma rabinsa na wani ne."

Matar zaure ta fi kowa saurin tsinta, da gani ta taɓa yin aikin. Can na ga ta kama hannun 'yarta, ta zaro dankali guda daga cikin rigarta, ta mayar kan kashin bango, ta ci gaba da aiki. Ba ta dake ta ba, ba ta kuma dube ni ba.

Ran nan aka yanke wuraren da suka yi baƙi aka zubar, aka dafa sauran da gishiri. Yara suka ci har suka bari. Ni ma na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Zulai ta ce a ba shi iska ta sama da ta ƙasa. Na cire ƙyauren ɗakin shirgi na ɗora a kan bulo, muka ƙara da wani katakon gado, muka baza irin ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya hau wani. Na fizge kwalin taga. Muka sa daro a inda yake yoyo. Ɗakin ya zauna ba ƙofa, kowa yana wucewa yana gani. Kullum da safe in shiga in juya su, in shinshina, in fitar da waɗanda suka bi sahun 'yan'uwansu. Daga baya suka daina ruɓewa. Abin da ya tsaya bai cika buhu biyu ba.

Ruwa ya ɗauke a hankali. Aka riƙa sassauta doka, baƙi suka fara tafiya. Matar zaure ta ɗauki tukunyarta wata safiya ta yi wa Inna sallama, har yau ban san sunanta ba. Aka buɗe makarantar su Zulai. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin jini a Bauci, in ta zo gida ita ke duba mini rubutu.

Direban akori-kura ne ya kawo labari. Ya ce ya ga Pam, yana nan da ransa, yana tambayata. Ya ce mu haɗu a bakin titi a Bukuru ranar kasuwa, don shi ba zai shigo gari ba, ni ma kada in ƙarasa ƙauye tukuna.

Na ɗora buhunan a bas. Na same shi kusa da tasha, inda sojoji suke iya hango mu. Ya rame, ko kuma ni ne na manta fuskarsa. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya tambayi Inna, ya tambayi Asabe, ya bi yara da sunayensu. Na tambayi nasa. Da na zo kan ƙaninsa ya girgiza kai. Na faɗa masa namu da babu. Muka ɗan tsaya muna kallon motoci.

Ya kwance bakin buhu ya shinshina, ya ɗauki guda ya duba idonsa. Na gaya masa yadda aka yi, da ledar da tamfol ɗin da abin da Zulai ta ce. Ya yi 'yar gajeriyar dariya.

"Matana zai zage mu, ni da kai," in ji shi da irin Hausarsa.

Na ce ya tafi da shi duka, rami ya cika, lokacin shuka ya yi, in ya gyara kunya sai in biyo baya. Ya mayar da dankalin cikin buhu. Ya ce injina yana nan lafiya a ɗakinsa. Ya ce samarin ƙauye ba kamar da ba ne, wasu ma ba ya gane su.

"Ba ni ba ne, Malam," in ji shi. "Amma ni ɗaya ne."

Sai ya zare wani buhu daga hammatarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsuguna, ya fara ɗauka, ɗaya nan, ɗaya can. Na tsuguna ina kallon hannunsa. Da ya gama ya juya mini baya, kamar yadda yakan yi ranar rabon amfani, ya ce in zaɓa. Na zaɓi na kusa da ni. Ya saɓa nasa a kafaɗa, ya ce kada in sake rufe shi, ya ce in gaida Inna. Ya tsallaka titi.

Ba a jima ba direban ya sauke mini injina a ƙofar gida. An wanke shi, an shafa masa mai, an naɗe tiyon da kyau.

Na mayar da rabona kan ƙyaure. Ya fara tsiro, kusan dukkansa. Na zaga neman wurin shuka a lambunan da ke kusa da mu, duk inda na je akwai waɗanda suka riga ni, su ma an raba su da nasu. Wani ya ce in dawo bayan sati, na dawo, ya ce ɗan'uwansa ya zo. Na ci gaba da shiga ɗakin kowace safiya ina juyawa. Tsiron ya wuce haƙoran jariri, ya kai yatsa, ya yi shuɗi-shuɗi, ya karkata wajen taga. Dankalin kansa ya fara yanƙwanewa. Zulai ta ce kansa yake ci yana ciyar da tsiron, kuma zai yi ta yi har ya ƙare.

Azumi ya kama. Sanyi ya sauko, bututun famfo yana ƙona hannu da asuba. Aiki babu, ba a fara ba ni ɗinkin buhu ba tukuna. Wata rana bayan La'asar ina tsugune a ɗakin, Inna ta tsaya a inda ƙofa take da.

"Kai wannan," ta ce. "Ba ka da gona."

Na ce na sani.

Asabe ta kawo tire. Ita da Zulai suka zauna suna karya tsiron ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara ƙas, ƙas. Suka fere, suka yanke duk inda ya yi kore. Aka dafa da ɗan manja da barkono.

Da aka kira Magariba muka sha ruwa, Asabe ta ajiye kwanon a tsakiyar tabarma. Yara suka zagaye shi, ba wanda ya miƙa hannu. Zulai ta ɗauki yanki guda ta riƙe, ba ta kai baki ba, tana kallona. Na yi bisimilla na fara ci, don su ci.